Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar BPP: A Tambayi Inda Kaya Zai Ƙare Kafin A Saye Shi

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Sayen Kayayyaki da Bayar da Kwangilolin Gwamnatin Tarayya, BPP, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan hukumarku.

Ni tsohon ma'aikacin sito ne. Kusan duk shekarun aikina na yi su ne tsakanin kanta da kundin shigar da kaya, har Allah ya sa na yi ritaya lafiya. Idan ɗan kwangila ya kawo kaya, ni ke ƙirgawa, ni ke sa hannu a takardar shaidar karɓa. Bayan shekara biyu ko uku kuma, ni ɗin dai ke buɗe ɗakin baya in jibge abin da ya mutu a cikinsu. Kowace ma'aikata tana da irin wannan ɗaki. A namu akwai janareto da aka kwashe wa kayan ciki, da kwamfutoci masu ƙura, da kujerun da ƙafafunsu suka karye tun ba a gama biyan kuɗinsu ba, da dogayen ƙwayayen fitila a jingine da bango, da batura suna tsiyayar ruwan guba a kan siminti. 'Yan kwamitin bayar da kwangila ba sa shiga wannan ɗaki. Su ranar saye suke gani. Mu ne muke ganin ranar mutuwa, kuma daga wannan ɗakin nake rubuto muku.

Na san darajar dokar da kuke aiki da ita. Na yi aiki kafin 2007, lokacin da kwangila take zuwa a kan 'yar guntuwar takarda daga ofishin mai gida, na kuma yi aiki bayan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayayyakin gwamnati a watan Yunin 2007. Bambancin a fili yake. Talla a jarida, buɗe takardu a gaban masu nema, takardar amincewarku kafin a bayar da manyan kwangiloli, duk sun rage ɓarna. Sai dai akwai wuri guda da aka yi wa dokar gurguwar fahimta. Ta ce a ba wanda farashinsa ya fi ƙasa a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, bayan an tantance. Mu a ofisoshi sai muka riƙe rabin farko muka saki na biyun. Jami'in saye yana tsoron odita, odita kuma lamba yake dubawa, saboda haka duk wanda ya rubuta lamba mafi ƙanƙanta shi ne ya ci. Sharuɗɗan da ya kamata su zama matata sai aka mayar da su layi ɗaya: "na'urar sanyaya ɗaki guda 40", "batir guda 200", "itacen girki mota 30". Ba maganar wutar da na'urar za ta ci, ba maganar shekarun da batirin zai yi, ba maganar dajin da itacen zai fito. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a sito na ga araha tana yin abin da ya fi rashin ado. Tana cin kuɗin gwamnati sau biyu, sannan ta bar wa talaka gubar.

Ku duba lissafin fitila kawai. Doguwar ƙwai irin ta da tana cin wat 40. Ta zamani, mai suna LED, tana ba da haske kwatankwacin wannan da wat 18. Idan ofis yana kunna ta awa 10 a rana, kwana 250 a shekara, bambancin ya kai yunit 55 na wuta. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana. Mu ɗauka naira 200 ce ma: naira 11,000 ke nan a shekara a kan ƙwai ɗaya. Sakatariyar da ke da ƙwai 1,000 tana ƙona naira miliyan 11 kowace shekara a banza, idan ma wutar gari ce. Idan janareto ne, da man dizal ɗin da litarsa ta haura naira 1,000 a 2024, asarar ta wuce nan nesa, ga hayaƙi da ƙara a kan masinja da mai shara da duk wanda teburinsa ke kusa da ɗakin inji. Tsohuwar ƙwan kuma akwai zaiba a cikinta, wato makuri. Idan ta fashe a bola, yaran da ke tsince-tsince su ke shaƙa. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Minamata ta duniya kan rage amfani da zaiba, wadda ta tanadi daina irin waɗannan fitilu, amma na tabbata har yau akwai takardun neman kwangila da ake kwafo wa bayanin kaya daga fayil ɗin shekara 15 da suka wuce.

Dalilin da ya sa ba wanda ke yin wannan lissafi shi ne aljihun saye daban, aljihun riƙo daban. Kuɗin sayen na'ura yana fitowa daga kason manyan ayyuka. Kuɗin wuta da mai da gyara yana fitowa daga kason gudanarwa na wata-wata, wanda kullum ba ya isa. Wanda ya sayo na'ura mai zuƙar wuta an yaba masa ya yi tsimi, wanda zai biya kuɗin wutar kuma wani ne can daban, sau da yawa ma bayan an yi wa na farkon canjin wurin aiki. Ga kuma rububin ƙarshen shekara, lokacin da ake gaggawar kashe abin da ya rage kada a mayar da shi baitulmali. Mafi yawan kayan da suka cika mana ɗakin baya a irin wannan lokaci aka sayo su. Na sa hannu a kan da yawa daga ciki ina sane da cewa ba za su yi ƙarko ba, domin abin da aka rubuta a takarda shi aka kawo, ba ni da hujjar ƙin karɓa. Wannan yana damuna har yanzu.

Abin da nake roƙo na farko ke nan: ku sa a riƙa auna farashi da tsawon rayuwar kaya. Kuɗin saye, da kuɗin wuta ko mai na shekarun da zai yi, da gyara, da kuɗin kawar da shi idan ya mutu, a haɗa su wuri guda, sannan a ce wane ne ya fi araha. Ba sabon abu ba ne a duniya. Japan ta yi dokar sayen kayan da ba sa cutar da muhalli tun 2000, Koriya ta Kudu ta fara aiki da tata a 2005, Tarayyar Turai kuma ta shigar da lissafin tsawon rayuwar kaya cikin ƙa'idojinta na 2014. Mu ma ba sai an jira majalisa ba, domin dokar 2007 da kanta ta yi maganar samun abin da ya dace da kuɗin da aka kashe. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da ma'auni da tambarin ƙarancin cin wuta na na'urorin sanyaya ɗaki da firji. Layi ɗaya ne za a ƙara a takardar neman kwangila, cewa duk na'urar da ba ta kai mataki kaza ba kada ma a kawo farashinta.

Maganar sola ta fi ɗaga mini hankali, domin ita ce kowa yake ɗauka ta gama gyara. Na yi farin ciki da tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a farkon 2023. Rana ce Allah ya hore mana, ba mu da uzurin ƙona dizal da tsakar rana a Sakkwato ko Nguru. Amma ku bi titunan garuruwanmu da dare ku ƙirga fitilun sola na kan hanya da aka kafa da kuɗin gwamnati, musamman na ayyukan mazaɓu, ku ga nawa ne ke ci. Haka rijiyoyin burtsatse masu sola a ƙauyuka, haka ƙananan asibitoci. Kusan kullum batir ne ke fara mutuwa. Batirin dalma mai araha ba ya jure zafinmu, shekara biyu ko uku ya kwanta. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba wanda aka ɗora wa alhakin canji.

To ina mataccen batirin yake zuwa? Ana yin gwanjonsa, ko ya ɓace daga sito, ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Su kuma su fasa shi da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili, wani lokaci a tsakiyar unguwa. Ranka ya daɗe, mu a arewa mun san abin da dalma take yi. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wancan daga haƙar ma'adinai ne, amma dalmar cikin batir ita ce dai dalmar. Bai kamata gwamnatin da ta ga abin da ya faru a ƙauyukan Bagega da Dareta na Zamfara ta riƙa sayen dubban batura ba tare da ta rubuta wanda zai karɓe su idan sun mutu ba. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli tana da tsarin da ya ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su alhakin tattara matattunsu. Ku ɗaura wannan tsari da kwangila. Wanda zai sayar wa gwamnati batir, ko kwamfuta, ko firjin ajiye allurar rigakafi, ya sa hannu cewa zai dawo ya kwashe tsohon ya kai wa mai sarrafawa da ke da rajista, ya kawo shaida. Kwangilar sola kuma ta zo da garanti da kulawa na aƙalla shekara 5, a riƙe wani kaso na kuɗin ana saki shekara-shekara muddin fitilar tana ci. Ranar da aka fara haka, ɗan kwangila da kansa zai guji batir mai araha ya nemi na litiyam mai ƙarko, ba sai an roƙe shi ba.

Sai itace. Ban taɓa jin an ambaci itacen girki a taron masana harkar kwangila ba, alhali gwamnati tana cikin manyan masu sayensa a ƙasar nan. Makarantun kwana, gidajen gyaran hali, asibitoci, barikoki, sansanonin masu yi wa ƙasa hidima, masu dafa abincin 'yan firamare, kusan duk a kan murhun duwatsu uku ake ɗora tukunya. Ana kawo itacen mota-mota, kuma mai kawowa ya san wanda masu girki suke so: kirya da marke, masu ƙarfin wuta, waɗanda suke shekaru da yawa kafin su girma. Da suka yi wuya sai aka koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da matan karkara ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. A lokaci guda gwamnatin nan tana da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, ta kuma karɓi rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a arewa. Hannun dama yana dashe da kuɗin bashi, hannun hagu yana biyan mai gatari. Duk wanda ya bi hanyar Yusufari ko Maigatari ya ga yadda rairayi ke matsowa ya san ba mu da itacen da za mu yi wannan wasa da shi.

Na taɓa shiga kicin ɗin wata makarantar kwana da aka tura ni ƙirgar kaya. Matan da ke girki idanunsu jawur, bango baƙi ƙirin, ɗaya tana goye da jariri a cikin hayaƙin. Tun daga ranar na daina kallon itace a matsayin lamba a kundi. A 2024 majalisar zartarwa ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa. Hanya mafi sauri ta fara aiki da ita tana hannunku: kwangilar ciyarwa ta gwamnati ta tanadi gas inda ake samunsa, inda babu kuma manyan murhunan tsimi masu bututun hayaƙi, waɗanda maƙeranmu za su iya ƙerawa, da gawayin da ake curawa daga ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Ɓuntun nan tsibi-tsibi yake a bayan injinan casa na Kano da Kebbi da Jigawa, ana cinna masa wuta don a rabu da shi.

Katako ma haka. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, an yi mata kisan kiyashi a dazukan Taraba da Kogi ana lodi zuwa Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018 a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa. Duk da haka ban taɓa ganin takardar kwangilar teburi ko bencin makaranta da ta tambayi inda katakon ya fito ba.

Ba a rasa umarni ba, ranka ya daɗe. A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, a shekarar ce kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alƙawari a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060. A watan Mayun 2024 majalisar zartarwa ta ce ma'aikatu su koma sayen motoci masu amfani da gas na CNG. A watan Yunin shekarar ta hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun tarayya. Amma wanda ya yi aikin gwamnati ya san takardar umarni tana zuwa, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil. Abin da jami'in saye yake bi shi ne samfurin takardar neman kwangila da hukumarku ta fitar, da abin da zai hana shi samun amincewarku. Abin da bai shiga nan ba bai zama doka a wurinsa ba. Shi ya sa za a yi taron bita a kan muhalli, a raba ruwan roba da abinci a cikin farar roba, a tashi a bar tsibi, gobe iska ta kwashe zuwa magudanar ruwa, damina ta zo unguwa ta cika. Mai kawo abincin bai yi laifi ba, ba a rubuta masa ya zo da faranti da kofi da babban mazubin ruwa ba. Game da motocin gas kuma ina roƙon a riƙa duba wuri. Gidajen sayar da shi ba su wadata a arewa ba tukuna, kuma motar da aka saya aka jingine don babu inda za ta sha ita ma ɗakin baya za ta ƙare.

Kada a raina ƙarfin aljihun gwamnati a kasuwa. A Indiya, da wani kamfanin gwamnati ya fara sayen ƙwayayen LED miliyoyi a dunƙule a shirin UJALA, farashin ƙwai ɗaya ya faɗo daga rupi 310 a 2014 zuwa rupi 38 a 2016, talaka ma ya samu da sauƙi. Idan ma'aikatun tarayya suka haɗa buƙatarsu ta fitila da fanka da batir suka ce ga irin wanda za su saya, 'yan kasuwar Alaba da Sabon Gari za su canza abin da suke shigowa da shi, domin ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake bi.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce wannan wata sabuwar ƙofa ce ta kumbura kwangila, a liƙa wa kaya sunan "mai kare muhalli" a ninka farashi. Za a ce kuma za a kori ƙananan 'yan kasuwa da sharuɗɗan da sai manyan kamfanonin Legas da na waje za su iya cikawa. Duka biyun za su faru idan aka bar sharaɗin a dunƙule. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganinsa sharaɗin ya zama abin aunawa: wat nawa, shekara nawa, wa zai karɓi matacce, ina shaidar. Abin da ma'aikacin sito zai iya gwadawa da mita a gaban ɗan kwangila. Ban da takardun shaida na ƙasashen waje masu tsada da maƙerin Panteka a Kaduna ba zai taɓa iya samu ba, alhali bencin ƙarfen da yake yi ya fi na kwali da ake shigowa da shi ƙarko, kuma idan ya karye ana iya yi masa walda. Kayan da ake iya gyarawa a gida shi ne kayan da ba ya cika bola. A nan manufar fifita kayan gida, tun daga umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 da ya ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na sayen wasu kayayyaki ga na gida, zuwa manufar Najeriya Farko ta 2025, ta haɗu da maganar muhalli. Sai dai zama na gida kaɗai bai isa ba. Idan za a sayi takalman sojoji da 'yan sanda daga fatar da aka jeme a Kano, abin alfahari ne, amma a tambayi masana'antar ko tana tace ruwan jima kafin ta sake shi, domin mutanen da ke noma da kamun kifi a gefen kogin Challawa sun daɗe suna ɗanɗana kuɗarsu.

Kuma a biya 'yan kwangila a kan lokaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokarku ta ce biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri, har da ruwa a kansa, amma na ga mutanen kirki suna sintiri shekara guda a kan kuɗinsu. Wanda ya san haka za a yi masa, mafi arahar kaya zai kawo don ya rage asara.

Akwai cibiyoyin horar da jami'an saye na shirin SPESSE, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ina roƙon kada a tsaya kan jami'an saye. A tura masu binciken kuɗi, domin muddin odita zai tuhumi wanda ya sayi abu mai ɗan tsada mai ƙarko, ba jami'in da zai yi kasadar aikinsa. A tura ma'aikatan sito, domin mu ne ƙofar ƙarshe. A gayyato hukumomin kwangila na jihohi, tunda makarantu da ƙananan asibitoci da rijiyoyi galibi a hannunsu suke, kuma samfurinku suke kwafa. Sannan a shafinku na NOCOPO, inda ake wallafa bayanan kwangiloli, a ƙara wuri da kowace ma'aikata za ta bayyana litar dizal da ta saya a shekara, da kuɗin wutar da ta biya, da adadin baturan da ta mayar. 'Yan jarida da ɗalibai za su yi sauran aikin.

Ba na neman a canza komai a dare ɗaya. Ku fara da kaya uku a kasafin shekara mai zuwa: fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, batura da kayan sola, da makamashin girki. Kafin a rubuta sababbin sharuɗɗan, ina roƙon ku tura jami'anku ma'aikatu goma, ba tare da sanarwa ba, su nemi mai riƙe da makullin sito ya buɗe musu ɗakin baya. Su ɗauki kundi su duba ranar da aka karɓi kowane abu da ranar da ya mutu, su tambaye shi inda na bara suka tafi. Zai faɗa musu, domin ya daɗe yana jiran wanda zai tambaya.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sito, daga Kano.